Yadda Ake Haɗa Dausayi Mai Iyo Don Gyara Ruwan Gurɓataccen Tafki

Tafkin da ruwan lambatu da dagwalon masana'antu da ragowar takin zamani suka daɗe suna kwarara cikinsa yakan sauya kama a hankali. Ruwansa ya koma kore shar saboda gansakuka, ya riƙa ɗoyi da zarar zafi ya tsananta, wata rana kuma a wayi gari kifaye sun taso sama suna haki, ko ma sun mutu sun jeru a gaɓa. Babban abin da ke jawo wannan shi ne yawan sinadaran nitrojin da fosfaras, waɗanda su ne dai manomi ke saye da tsada a buhun taki, amma idan suka taru a ruwan da ba ya gudu sai su ciyar da gansakuka fiye da kima. Da dare, da kuma lokacin da gansakukar ta mutu ta fara ruɓewa, sai ta shanye iskar oksijin da kifi da sauran halittun ruwa ke rayuwa da ita.

Ɗaya daga cikin hanyoyi masu sauƙin kuɗi da ake bi don rage wannan ɓarna ita ce kafa dausayi mai iyo. Gado ne da ake haɗawa da abubuwa marasa nauyi, a dasa masa ciyayin bakin ruwa, a ɗaure shi a kan tafki ta yadda ganye zai tashi sama, saiwoyi kuma su sauka cikin ruwa ba tare da sun taɓa ƙasa ba. Tun da tsiron ba shi da ƙasar da zai ci, dole ya nemi abincinsa daga ruwan da yake zaune a kai. Dabarar koyi ce da abin da Allah ya halitta, domin duk wanda ya san Tafkin Chadi ya san tsibiran ciyawar da iska ke kaɗawa daga wannan wuri zuwa wancan. An gwada ta a ƙasashe masu zafi irin namu. A tafkin Neknampur da ke birnin Haidarabad na Indiya, wata ƙungiya mai suna Dhruvansh ta ƙaddamar da irin wannan gado mai faɗin ƙafa murabba'i 3,000 a ranar 2 ga Fabrairu, 2018. A birnin Faisalabad na Pakistan kuwa, masu bincike sun jera gadajen a kan manyan tafkunan da ke karɓar ruwan ƙazantar gidaje da na masana'antu, suka bi aikin har shekara 3, kuma rahoton da suka fitar a 2019 ya nuna cewa a lokacin da gadajen suka fi aiki, ƙazantar da ke cinye oksijin ta ragu da kashi 88 cikin ɗari.

Kafin a shiga matakai, yana da kyau a fahimci inda aikin yake, domin duk wata shawara da za ta biyo baya a kansa ta dogara. Abin da ido ke gani, wato ganye da fure, shi ne ƙaramin ɓangare. Saiwoyin da ke reto a ƙarƙashin gadon suna zama kamar rariya: suna rage gudun ruwa, suna kama laka da ƙananan tarkace har su yi nauyi su kwanta a ƙasa. A jikin kowace saiwa kuma wani yauƙi yakan taru, wanda matattarar ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani. Inda akwai oksijin, wasu daga cikinsu suna juya amoniya, wani nau'in nitrojin da ke cikin ƙazanta, ta koma wani nau'in da ake kira naitaret; inda babu shi, can cikin cunkoson saiwa, wasu suna juya naitaret ɗin ya zama iskar nitrojin ta tashi sama ta bar ruwan. Fosfaras da ƙarafa masu guba irin su dalma da kuromiyom ba su da wannan mafita ta iska. Ko dai su kwanta cikin laka, ko su shiga jikin tsiron, kuma ba za su bar tafkin ba sai hannun mutum ya fitar da su. Wanda ya riƙe wannan ya san cewa kafa gado somin-taɓi ne, yanka da kwashewa su ne aikin.

Mataki na farko: a san abin da ke shiga tafkin

Ruwa ba ya tsami banza. Kafin a sayi ko da igiya ɗaya, sai a zagaya tafkin da ƙafa, sau ɗaya da rani, sau ɗaya kuma bayan an ɗauke ruwan sama mai ƙarfi, a rubuta duk kafar da ruwa ke shigowa da wadda yake fita. A bi kowane lambatu har tushensa, a gane ko daga gidaje yake, ko mahauta, ko wajen wankin mota, ko marina, ko majema, ko gonakin da ake zuba wa taki. Wannan bambanci yana da girma. Ruwan gidaje da na gona abinci ne ga tsiro, kuma shi dausayi mai iyo ya fi iya wa. Ruwan masana'antun jima da na rini, irin wanda ya daɗe yana damun kogunan Challawa da Jakara a Kano, yana ɗauke da guba da za ta iya kashe dashen tun yana ƙarami, kuma ko ya rayu, ciyawar da aka yanka daga gare shi ta zama shara mai haɗari. Irin wannan ruwa a bakin masana'antar ya kamata a fara tace shi, kuma doka ta ɗora wannan nauyi a kan mai masana'antar. A Nijeriya hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, wato NESREA, wadda aka kafa a 2007, ita ke da alhakin sa ido a kai.

Sai a ɗebi ruwan a kai ɗakin gwaji, ko na jami'a ko na hukumar ruwa. A sami kwalba mai tsabta, a ɗauraye ta sau uku da ruwan tafkin, a cika ta har baki, a rufe, a sa ta cikin kula mai ƙanƙara, a kai ta a ranar. A ɗebo daga mashiga, da tsakiya, da mafita, a rubuta wuri da lokaci a jikin kowace kwalba. A nemi a auna tsamin ruwan, da yawan oksijin da ya narke a ciki, da amoniya, da naitaret, da fosfaras, da abin da masu gwaji ke kira BOD, wato yawan oksijin da ƙazantar ruwan za ta cinye kafin ta gama ruɓewa. Idan ana zargin masana'anta, a ƙara da ƙarafa masu guba. Waɗannan alƙaluma na farko su ne za a riƙa komawa gare su nan gaba, kuma wanda bai ɗauke su ba, ba shi da abin da zai nuna wa jama'a ko hukuma cewa aikin ya yi amfani.

A wannan zagaye ne kuma za a auna zurfi. A shiga kwalekwale da doguwar gora da aka yi wa alama a kowace santimita 10, a auna wurare da yawa, sannan a tambayi masunta da tsofaffin unguwa iyakar inda ruwan ke janyewa a watan Afrilu da iyakar inda yake kaiwa a Agusta. Masu binciken wannan fanni a ƙasar Niyu Zilan sun ba da shawarar kada zurfin ruwa ƙarƙashin gado ya gaza santimita 80 zuwa mita 1. Dalilin shi ne idan saiwa ta kai ƙasa za ta kafe a laka, ta koma cin abinci daga can maimakon ruwan, kuma ranar da tafkin ya cika gadon ba zai iya tashi ba, sai ruwa ya shanye dashen.

Tafki ba na mutum ɗaya ba ne. A je wa mai unguwa ko dagaci, da sarkin ruwa, da masu shayar da dabbobi, da masu wanki a gaɓa, a bayyana musu abin da za a yi, a nemi izinin ma'aikatar muhalli, ko na hukumar da ke kula da madatsar idan dam ne. Gadon da masunci bai san da zamansa ba, ranar da ya kama masa koma ko taru, a ranar zai yanke igiyarsa.

Mataki na biyu: a rage abin da ke shigowa

Wannan mataki gajere ne a faɗa, amma idan aka tsallake shi sauran duka asara ce. A kafa ragar ƙarfe a bakin kowane babban lambatu don ta tare leda da robobi, a sa wanda zai riƙa kwashe ta, musamman bayan ruwan sama. Inda fili ya samu, a haƙa ɗan rami mai faɗi kafin mashigar domin yashi da laka su kwanta a ciki, a riƙa yashe shi da rani. A yi magana da masu juye shara da masu kwasar masai su daina zubarwa a gaɓa.

Mataki na uku: a lissafa faɗin da ake buƙata

A nan ne ayyuka da yawa ke faɗuwa, domin gado biyu ko uku a tsakiyar babban tafki suna da kyau a hoto, amma ruwan ba ya sanin suna nan. Wani bincike da aka yi a birnin Durham na jihar Karolina ta Arewa a Amurka, wanda aka wallafa a 2013, ya kwatanta tafkuna biyu masu tara ruwan sama. A wanda gadaje suka rufe kashi 9 cikin ɗari na fuskarsa ba a ga wani sauyi na a zo a gani ba, a wanda suka rufe kashi 18 kuwa fosfaras da laka sun ragu a fili. Saboda haka a yi niyyar rufe kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, a fi karkata ga na saman idan hali ya yi. Kada kuma a yi zaƙewa a lulluɓe tafkin, domin ruwa yana samun oksijin ne ta fuskarsa da ke buɗe ga iska da rana, kuma ƙarƙashin gado mai faɗi oksijin yakan yi ƙasa. Kifi yana walwala ne idan akwai kimanin miligiram 5 a kowace lita, yana shiga wahala idan ya sauka ƙasa da 3.

A ɗauki misalin kududdufi mai tsawon mita 50 da faɗin mita 40. Fuskarsa murabba'in mita 2,000 ce, kashi 10 cikin ɗari nata kuwa murabba'in mita 200 ne, wato gado 100 idan kowanne mita 2 ne da mita 1. Wannan ba aikin mako ɗaya ba ne, kuma ba lallai ne a yi shi a tashi ɗaya ba. Abin da ya fi dacewa shi ne a fara da gado 10 a gaban mashiga mafi ƙazanta, a koyi halin ruwan da na tsiron, sannan a riƙa ƙarawa. A babban tafki kuwa, a zaɓi lungu ɗaya da ƙazanta ke shiga, a yi lissafin a kan faɗin lungun.

Mataki na huɗu: zaɓen tsiro

Ana neman tsiron da ya saba da jiƙa, mai yawan saiwa, mai sake tohowa bayan an yanke shi, wanda kuma ba ya yin tsawon da iska za ta kifar da gadon. A ganina babu wanda ya kai jema dacewa da mu. Ciyawa ce ta fadamunmu da aka daɗe ana saƙa da ita, tana jure ambaliya tana jure fari, saiwarta kuma tana sauka ne a miƙe, cunkus, ba ta yaɗuwa gefe. 'Yar'uwarta ta Asiya, wadda saiwarta kan kai mita 3 a cikin ƙasa, tana cikin abin da aka dasa a Neknampur, kuma an daɗe ana tace gurɓataccen ruwa da ita a ƙasashe da dama. Bayan jema akwai kajiji da sauran danginsa na bakin rafi, da gabara, da furen kana mai ja ko rawaya da ake ƙawata lambu da shi, wanda ke girma da sauri a ruwan ƙazantar gidaje. A haɗa iri biyu ko uku a jeri guda, domin idan ƙwari ko sanyin hunturu ya kwantar da ɗaya, ɗayan ya ci gaba da aiki. Dogaye a tsakiya, gajeru a gefe.

Akwai tsire-tsire biyu da nake roƙon a yi hattara da su. Na farko kacala. Gaskiya ne tana tace ruwa sosai, kuma da ita aka yi aiki a wurare da yawa a duniya, amma mutanen Haɗeja da Nguru sun san abin da ta yi musu bayan madatsun Tiga da Challawa sun sauya tafiyar ruwan kogin: ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar jan-baki. Irinta iska ke ɗauka. Kada a kai ta ruwan da babu ita, inda kuma take tun asali, a yanke ta kafin ta fitar da kai. Na biyu kainuwa, ko tamu ta gida ko baƙuwar nan mai fure shunayya da ta bayyana a ruwan Legas a 1984 ta bazu. Ita ba ta buƙatar gado, kuma cikin 'yan makonni takan rufe tafki ruf ta hana shi iska. Haka nan kada a dasa alayyafo ko latas ko wani abin ci a kan gurɓataccen ruwa da nufin samun riba biyu.

Mataki na biyar: haɗa gadon

Ƙa'idar ɗaukar nauyi mai sauƙi ce: kowace lita ɗaya ta iska da aka rufe tana ɗaga kilo ɗaya a kan ruwa. Jarka mai lita 25 da aka toshe bakinta da kyau za ta ɗauki kusan kilo 24 bayan an cire nauyin kanta. Bututun roba na masu aikin famfo mai inci 4 yana riƙe da iska kimanin lita 8 a kowace mita, don haka firam mai mita 2 da mita 1, wanda ke cin bututu mita 6, zai ɗauki wajen kilo 40, gwargwadon kaurin bututun. A tsara gadon ta yadda a ranar dashe bai ɗauki fiye da rabin ƙarfinsa ba, saboda ciyawa za ta girma, buhu zai sha ruwa, laka za ta manne wa saiwa, tsuntsaye kuma za su sauka.

Idan da bututu za a yi, a yanka biyu masu mita 2 da biyu masu mita 1, a haɗa kusurwoyin da gwiwa huɗu, a shafa gam ɗin bututu a ciki da waje, a bar shi ya bushe kwana ɗaya. Kafin a ci gaba, a danna kowace kusurwa cikin ruwa a zuba ido: idan kumfa na fitowa, akwai kafa, kuma gara a gyara ta a tudu da a gano ta bayan wata biyu gadon ya karkace. Yana da amfani a cusa robobin ruwa da aka rufe bakinsu cikin bututun kafin a liƙe, domin ko ya tsage wata rana, su riƙe shi. Idan da gora za a yi, a zaɓi busasshiya wadda ta ƙosa, a ɗaure firam da igiyar nailan, a sa sanduna biyu a gicciye, a ɗaura jarka a kowace kusurwa ta ƙasa. Gora ta fi araha, sai dai takan ruɓe ta buƙaci sauyi, bututu kuwa yakan daɗe.

Daga nan sai a shimfiɗa ragar roba mai ƙarfi a kan firam ɗin, mai idanu kimanin santimita 2 zuwa 3, a ɗinke ta da igiya a kewaye, a bar ta ta ɗan lotsa a tsakiya yadda za ta taɓa ruwa. A kanta a shimfiɗa buhun algarara ninki biyu. Buhun yana riƙe dashe kafin saiwa ta kama raga, yana kare roba daga rana, daga baya kuma ya ruɓe ya bar saiwoyin sun saƙe da juna. A naɗe bututun da jarkokin ma da buhu, domin ranarmu tana gasa roba har ta riƙa farfashewa. Saboda wannan dalili ne ban goyi bayan farin soson nan da ake kare talabijin da firji da shi a kwali ba, duk da an yi amfani da shi a wasu ƙasashe: yana marmashewa ya zama ƙananan ƙwayoyi da kifi ke haɗiya, kuma babu mai iya tsince su daga baya.

Mataki na shida: dashe da reno

A tono jemar daga inda aka ba da izini, ba tare da an share fadamar ba, a raba kowane gindi zuwa ƙananan dashe masu kara biyu ko uku. A datse ganyen ya rage kimanin santimita 20, saiwar kuma santimita 10, sannan a wanke ƙasar tas. A tsaga buhun a wurare masu tazarar santimita 25 zuwa 30, a zura saiwar ta ratsa ragar ta shiga ruwa, a tallafe gindin da guntun buhu ko 'yar tsakuwa da gawayi. Wasu suna sa kowane dashe a ƙaramin kofin roba da aka huhhuda, wanda ke sauƙaƙa cire wanda ya mutu. Abin lura shi ne wuyan tsiron, inda kara ya haɗu da saiwa, ya zauna daidai fuskar ruwa ko ɗan sama kaɗan. Idan ya nutse zai ruɓe, idan ya yi sama da yawa saiwar ta bushe. Kada a sa ƙasa, kada a sa taki kowane iri. Taki shi ne cutar da ake son cirewa daga ruwan.

Sabon dashe ba ya son a jefa shi kai tsaye a bakin lambatu. A ɗaure gadajen a wani lungu mai kwanciyar ruwa da ƙarancin ƙazanta na mako 4 zuwa 6, a riƙa ɗaga gefe ana dubawa. Idan aka ga sababbin saiwoyi farare sun sauka kamu ɗaya ko fiye, sabon ganye kuma ya fito, dashen ya kama. A maye gurbin waɗanda suka mutu tun a nan. A tafkin da ba ya ƙafewa, a fara reno wata biyu kafin faɗuwar damina, domin ruwan farko shi ke wanko dattin rani gaba ɗaya, kuma ana so ya tarar da saiwa a shirye. A kududdufin da ke janyewa sosai, a jira ya cika tukuna.

Mataki na bakwai: jerawa da ɗaurewa

Ruwa yana bin hanya mafi sauƙi, don haka idan aka ajiye gado a gefe, zai kewaye shi ya wuce. A ɗaure gadajen gefe da gefe su zama layi, a gitta layin a gaban mashiga daga wannan gaɓa zuwa waccan, yadda ruwan da ya shigo ba shi da hanya sai ta cikin saiwoyi. Layi biyu ko uku da buɗaɗɗen ruwa a tsakaninsu sun fi dunƙule ɗaya babba, domin ruwan yana shan iska a tsakanin layi da layi. Kada a matsa su daf da bakin lambatu inda ambaliya ke dukan komai. A ja baya zuwa inda ƙarfin ruwan ya karye. A bar wa kwalekwale hanya, a kuma nisanta gadajen daga gaɓa yadda awaki da shanu ba za su kai baki ba, yara kuma ba za su yi sha'awar hawa ba. Gadon ba ya ɗaukar mutum, kuma yaron da ya faɗa ƙarƙashinsa saiwa za ta iya riƙe shi. A faɗa wa iyaye wannan a masallaci da makaranta, a kafa allo a gaɓa.

Inda ruwa bai yi zurfi ba, a kafa turaku na ƙarfe ko na itace mai ƙarfi, a zura zobe mai faɗi a kowanne yadda gadon zai riƙa hawa da sauka tare da ruwa. Inda ya yi zurfi, a zuba kankare a tsohon bokiti, a dasa lanƙwasasshen rodi a ciki, idan ya bushe a saukar da shi ƙasan tafki. Kowane layi ya sami nauyi aƙalla biyu, ɗaya a kowane ƙarshe, don kada ya riƙa juyawa yana murɗe igiya. Tsawon igiyar ya wuce zurfin ruwan na lokacin cikar damina da kimanin rabi, domin gajeriyar igiya za ta ja gadon ƙasa idan tafki ya cika. A tuna da iskar da ke zuwa gaban hadarin farkon damina, a ɗaure don ita.

Duk mai shiga wannan ruwa ya sa dogon takalmin roba da safar hannu, ya wanke jiki da sabulu bayan ya fito. Tafkunan da ke da ciyayi sukan tara ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsargiya, kuma tsutsar cutar ta fata take shiga. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya je asibiti, akwai maganinta.

Mataki na takwas: awo, yanka da kwashe laka

A wata ukun farko a duba gadajen kowane mako, daga baya sau biyu a wata da kuma bayan kowace iska mai ƙarfi. A duba ƙulli, a cire ledar da ta maƙale, a tumɓuke baƙon tsiron da ya hau. Akwai awo mai sauƙi da kowa zai iya yi da kansa: a yanko faifai mai faɗin santimita 20 daga murfin bokitin fenti, a raba shi gida huɗu a shafa fari da baƙi a jere, a ɗaura masa nauyi da igiya mai alamar awo, a saukar da shi cikin ruwa har ya ɓace wa ido, a rubuta zurfin. Wani masani ɗan Italiya, Angelo Secchi, ya fara amfani da irin wannan faifai a 1865, kuma har yau da shi ake auna hasken ruwa. A yi awon a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya na yini, a gaban layin da bayansa. Gwajin ɗakin bincike kuwa a maimaita shi bayan kowane wata 3, oksijin kuma a auna shi da asuba, lokacin da ya fi ƙasa. Kada a sa ran ganin sauyi kafin wata 3 zuwa 6, kuma ko ruwan ya yi garau, bai zama na sha ba, domin dausayin ba ya kashe duk ƙwayoyin cuta.

Yanka shi ne abin da ke fitar da sinadaran daga tafkin, kuma lokacinsa yana da muhimmanci. Idan aka bar ganye ya tsufa ya yi ja, tsiron yakan janye abincinsa ya mayar cikin saiwa, busasshen ganyen kuma ya faɗa ruwa ya ruɓe, ya mayar da abin da ya ɗauka. Don haka a yanka tun yana kore, kafin ya yi fure, bayan kowane wata 3 ko 4. A jawo gado ɗaya bayan ɗaya zuwa gaɓa, a yanka da lauje a bar kimanin santimita 30, a auna nauyin abin da aka yanka a rubuta. Kada a aske layin gaba ɗaya a rana guda. A yanka rabi, bayan mako 3 a dawo kan sauran. A kwashe ciyawar nesa da gaɓa a ranar, don kada ruwan sama ya maido ta.

Inda ruwan na gidaje ne da gona kawai, ciyawar za ta yi zana ko jinka, ko a tara ta ta ruɓe sosai ta zama taki. Inda gwaji ya nuna ƙarafa masu guba, kada a ba dabba, kada a kai gona, kada a hura wutar girki da ita. A busar da ita a binne a ramin da aka daɓe da yumɓu, nesa da rijiya da fadama, bisa shawarar jami'an muhalli. Laka ma haka. A ƙarƙashin kowane layi za ta riƙa taruwa, cike da fosfaras, kuma idan oksijin ya ƙare a ƙasan tafki takan sako shi ya koma cikin ruwa. Sau ɗaya a shekara, a ƙarshen rani lokacin da ruwa ya yi ƙasa, a matsar da layin gefe, a kwashe lakar a baza ta a tudu ta bushe.

Game da sauro, gadon da aka bari ya cunkushe da matacciyar ciyawa da leda yana iya zama masa gida, don haka a bar buɗaɗɗen ruwa a kewaye, kada kuma a kame ƙananan kifayen da ke fakewa cikin saiwa, domin su ke cinye tsutsarsa. A shekara ta biyu gindin jemar zai yi kauri har ya cika gadon. A lokacin sai a ciro wasu gindaye, a rarraba su, a dasa sababbin gadaje da su ba tare da an koma fadama ba, a ƙara layi a inda faifan awo da sakamakon gwaji suka nuna ruwan ya fi buƙata. Duk jarka ko bututun da ya fara tsagewa a sauya shi tun a tudu lokacin yanka, a kuma fitar da tsohon daga tafkin a kai wa masu sayen roba.